Ranar da Na Kwanta a Kan Rufin Masallacinmu

Masallacin garinmu na ƙasa ne. Garin ƙarami ne, yana gindin wani dutse tsakanin Roni da Gwiwa, kuma idan ka taho daga bakin titi, abin da za ka fara hangowa kafin ko rumbu ɗaya shi ne zankwayen masallacin, guda huɗu, sun miƙe a kusurwoyinsa kamar kunnuwan zomo. Babu wanda ya san shekarar da aka gina shi. Abin da kowa ya sani shi ne kakan kakana ne ya ja gaban maginan da suka yi aikin, kuma tun daga lokacin gyaransa bai taɓa barin gidanmu ba.

Kaurin katangarsa ya kai mutum ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa bai leƙo ta ɗaya gefen ba. Ƙofar kuwa gajera ce, ko yaro mai tasowa sai ya sunkuya. A ciki akwai ginshiƙai huɗu, kowanne sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Daga kan kowane ginshiƙi bakan gizo ya tashi ya lanƙwasa ya tarar da ɗan'uwansa, sai rufin ya kasu gida tara. Idan ka ɗaga kai za ka ga azara a jere, wata ta gitta wata, kamar saƙar faifai. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, babu siminti. Ƙasa ce da itacen giginya da igiya. Da bazara, lokacin da mutum ba ya iya taka ƙasa ba takalmi, cikinsa sanyi ne kamar gindin randa.

Ni ban gaji sana'ar gidanmu ba. Boko na yi, na zama malamin lissafi a wata makarantar sakandare a Kazaure, can na yi aure, can nake zaune. Akwai kuma abin da ba na so a sani amma kowa a gida ya sani: ina tsoron bisa. Ko tsani mai taki biyar na hau, sai in kasa ci gaba. Mahaifina bai taɓa yi mini gori a kan haka ba. Ya dai daina kirana idan za a yi yaɓe bayan kaka, ni kuma na daina tambaya.

A shekarar da nake ba da labari, ciwon yanar ido ya riga ya rufe wa Baba gani. Yana bambance haske da duhu, shi ke nan. Damina ta yi tsakiya, an kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ranar Alhamis da safe mahaifiyata ta kira ni a waya.

"Babanka ya ce ka zo yau."

"Lafiya dai, Inna? Jikin ne?"

"Jikinsa ƙalau. Masallaci ne. Ladan ya ce ƙasa ta zubo masa a kan buzu yana zaune bayan sallar asuba. Tun da babanka ya ji bai karya ba."

Na nemi izini a makaranta, na hau mota zuwa Roni, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa. Hanya duk ta cinye, sau biyu ina sauka ina tattakawa cikin taɓo da takalmi a hannu. Da hantsi na isa. Na tarar da Baba a zaure, ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, sandarsa a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai bari na gama ba.

"Tashi mu je. Yau kai ne idona."

Da muka sunkuya muka shiga, abin da ya fara tarbata shi ne warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na sabon kabari. Ban taɓa jin masallacin da wannan warin ba. An naɗe tabarmi an jingine. Baba ya saki hannuna, domin a nan ciki ba ya bukatar ja-gora. Ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su da tafin hannu, yana ƙwanƙwasawa da sanda, yana kara kunne. Uku sun amsa masa da sauti mai ƙarfi. Na huɗun, wanda ke dama da alƙibla kusa da mumbari, sai ya yi wani sauti a dushe, kamar an bugi buhun dusa.

Ya daɗe tsaye a wurin. Sannan ya ce, "Ɗaga kai. Me ka gani?"

"Akwai tsaga, Baba. Ta taso daga kan ginshiƙin ta bi bakan."

"A miƙe take ko a karkace?"

"A karkace."

"Hau mumbari ka sa hannu. Yatsa nawa ke shiga?"

Na hau takin nan uku na ƙasa, na miƙa hannu. Yatsuna biyu suka shige har gindinsu. Cikin tsagar da danshi, kuma da na zaro hannu sai ga wasu fararen ƙwari suna bin yatsuna. Na karkaɗe su da sauri na ce, "Biyu, Baba. Kuma akwai gara."

Ya lalubi aljihu ya ciro guntun karan dawa, ya miƙo mini. Ya ce in cusa shi a gicciye cikin tsagar, ya matse sosai, yadda ba zai faɗo da kansa ba. Na cusa har sai da na ji ya ƙi gaba. Muka fito. Ya aika aka gaya wa liman cewa azahar a waje za a yi ta, ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar masallaci.

Bayan an idar da salla ya ce in leƙa in duba karan. Na tsaya daga bakin ƙofa, ban ko shiga ba, domin daga nan ma ina hango shi. Yana kwance a ƙasa gaban mumbari.

Na dawo na gaya masa a kunne. Na ji hannunsa da ke kafaɗata ya yi nauyi. A cikin abin da bai fi sa'a uku ba, tsagar ta ƙara buɗewa. Gobe kuma Juma'a, ranar da mutanen rugage da ƙauyukan kewaye ke cika wurin har ba masaka tsinke. Na tuna yadda sahun farko ke zama daidai ƙarƙashin wannan bakan, tsofaffi ne duka, waɗanda ko tashi tsaye sai sun dafa ƙasa.

Baba ya juya wajen liman ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gobe ba za a yi Juma'a a ciki ba."

Liman mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, "Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an fasa ba. Amma kai ka san ginin. Abin da ka ce shi za a yi."

Ladan ne bai yarda ba. Tsoho ne sa'an Baba, tare suka yi karatun allo, kunnensa ya yi nauyi sosai, don haka komai da ƙarfi yake faɗa. Ya ce masallacin da ya ga damina fiye da yawan gashin gemunsa ba ruwan kwana uku ne zai kayar da shi ba. Ya ce ɗan yaɓe kawai yake so. Baba ya matsa kusa da kunnensa ya ce masa, "Ba ruwan da ya wuce nake tsoro ba. Wanda ke kwance a sama nake tsoro."

Sai ya yi wa mutane bayani. Ya ce tun jiya yake sauraren indararon da ke wannan kusurwar, bai ji yana zuba ba, alhali sauran suna zuba. Ke nan ya toshe, ruwa ya taru a kan rufin, yana jiƙa ƙasar yana ƙara mata nauyi, azarar kuma gara ta riga ta ci. Wannan gidan rufin ɗaya ba lallai ya tsira ba. Amma idan ruwan ya ci gaba da kwanciya zai ratsa zuwa na kusa da shi, idan kuma ginshiƙin ya tafi, to duka masallacin zai bi shi. Dole wani ya hau ya buɗe indararon kafin wani ruwan ya sauko.

Samari uku suka miƙe nan take, majiya ƙarfi, waɗanda hawan giginya ma ba ya ba su tsoro. Na ji sanyi a raina. Amma Baba ya girgiza kai.

"Ba ku ba. Kun yi nauyi, kuma ba ku da tsoro. Wanda ba ya tsoro zai taka inda ya ga dama. Ni mai tsoro nake so, wanda ba zai ɗaga hannu ba sai na ce ya ɗaga."

Ya juyo da fuskarsa inda nake tsaye. Idon ba ya gani, amma bai kuskure ni ba ko da taki ɗaya.

Na ce a hankali, "Baba, ka san ni da bisa."

"Na sani. Cire rigar, cire takalmin."

Akwai matakala ta ƙasa a bayan masallacin, wadda ladan ke hawa a da kafin a samu lasifika. Ruwa ya zaizaye ta, takin duk sun zama santsi. Da hannu da gwiwa na hau ta, da doguwar gora ɗaure a bayana. Ban duba ƙasa ba ko sau ɗaya. Ina jin numfashina kamar na wani ne a kusa da ni. Da na kai sama na ɗora ƙirji a kan rufin, sai na ga garin gaba ɗaya ya buɗe a ƙarƙashina, gonakin gero kore shar har gindin dutse, sai kaina ya fara juyawa. Na rufe ido na kifa fuska.

Muryar Baba ta taso daga ƙasa. "Ka kai?"

"Na kai."

"Kada ka miƙe tsaye. Da ciki za ka ja. Duba gabanka, za ka ga rufin ya yi tudu-tudu a layi, kamar kunyar gona. Ƙarƙashin kowane tudu baka ne. Shi za ka bi. Kada ka sauka cikin kwarin."

Na buɗe ido. Haka ne kuwa, kamar yana gani. Can kusurwar dama da alƙibla sai ga ruwa kwance, faɗinsa ya kai ɗaki guda, ja kamar kunun kanwa, har sararin sama na fitowa a cikinsa. Wurin ya lotsa ƙasa kamar kwano.

Na fara ja da ciki. Ƙasar tana da sanyi, tana manne mini a fata. Duk taki ɗaya sai na faɗa wa Baba abin da ke gabana, shi kuma ya ce ci gaba, ko ya ce tsaya, koma hagu kaɗan. Da na matso kusa da ruwan sai na ji tudun da nake kai ya yi laushi, yatsuna suna nutsewa kamar a cikin tuwo. A ƙarƙashin cikina kuma wani abu ya yi ƙara, siririya, doguwa, kamar an buɗe tsohon ƙyaure.

Na daskare. Na ce, "Baba, yana kuka."

"Na ji. Azara ce. Ka bari ta yi shiru, sannan ka matsa."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina jira ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina, wasu ayoyin ma na haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Da ƙarar ta lafa na ƙara matsawa, har na kai inda gorata za ta iya isa bakin indararon. Wata 'yar cediya ce ta tsiro a wurin, saiwarta ta cika ramin, ganyen darbejiya da ledoji suka taru a bayanta suka zama toshiya. Na yi ta zungura. Gorar na ta zamewa. A karo na ban san nawa ba sai na ji ta wuce, ruwan ya yi wani gurnani ya fara tafiya. Daga ƙasa na ji mutane sun ɗauki kabbara.

"Madalla," in ji Baba. "Yanzu dawo yadda ka je. Da baya. Kada ka juya."

A nan na yi kuskure. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗo, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Sai gaggawa ta kama ni. Maimakon in ja da baya, na yunƙura zan juya, gwiwata ta dama ta sauka daga kan tudun. Ban ji wata ƙara ba. Kawai rufin ya buɗe ya haɗiye ƙafata har cinya. Na ji ƙafar tana lilo a cikin iska, babu komai a ƙarƙashinta.

Na yi ihu. Baba ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun ina yaro: "Kada ka motsa! Baje hannuwanka! Kwanta!"

Na baje. Kumatuna a kan taɓo, idona daidai wata ɓaraka da ta buɗe a gefen cinyata. Ta nan nake ganin cikin masallacin, duhu, sai igiyar haske ɗaya da ta sauka ta ramin. Hasken ya sauka a kan wani abu fari. Na ƙura ido. Hula ce. Mutum ne zaune a ƙasa, daidai ƙarƙashina.

Ladan ne. Ashe lokacin da kowa ya koma bayan masallaci yana kallon sama, shi ya zagaya ya shiga ta ƙaramar ƙofar liman. A wannan kusurwar akwai wata 'yar taga a jikin bango inda ake ajiye tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa, da sandar huɗuba. Su ya je ɗaukowa. Ya zauna yana naɗe gafakar a cikin rawaninsa a hankali, ƙasa na zubo masa a kafaɗa, bai ko ɗaga kai ba.

Na ƙwala masa kira ta ramin. Bai ji ba. Na juya baki waje na ce, "Baba, Ladan yana ciki! Yana ƙarƙashina!"

Sai hayaniya ta tashi a ƙasa, na ji ƙafafu suna gudu, na ji liman yana cewa a tsaya, a tsaya. Sannan muryar Baba, ba da ƙarfi sosai ba, amma ta fi ta kowa fita: "Kada wanda ya shiga. Ba zai saurari kowa ba sai ni. Kai kuma na sama, ko numfashi za ka yi, yi shi a hankali. Idan ka ja ƙafar nan, abin da ke riƙe da ita zai sauko mana a ka."

Mana, ya ce. A nan na gane abin da zai yi.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ina kwance, ƙafata ɗaya a rataye, wani tsinin azara ya soke ni a cinya ina jin jini na bin ƙaurina, jikina duka yana so ya yi rawa, ni kuma ina hana shi, domin duk rawar da na yi ƙasa ce ke zuba. Ta ɓarakar na ga hannun mahaifina ya bayyana a jikin ginshiƙi, yana shafawa. Sannan kansa, da furfurarsa. Tafiya yake kamar mai zuwa sallar nafila, ba sauri. Ya kai wurin ladan, ya lalubi kafaɗarsa, ya sunkuya ya yi masa magana a kunne. Ladan ya nuna masa gafakar, kamar makaho zai gani. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa. Azara ta sake yin kukan nan a ƙarƙashin ƙirjina, wannan karon ta fi daɗewa, wani dunƙulen ƙasa ya ɓalle ya faɗi a tsakaninsu ya tarwatse.

Na rufe ido. Na ce a raina, ya Allah, idan zai faɗi, ka bari su fita tukuna. Ban roƙa wa kaina komai ba, ba don jarumtaka ba, mantawa na yi da ni.

Da na buɗe ido babu kowa a cikin hasken. Sai hular ladan a ƙasa. Jim kaɗan na ji salati ya tashi daga ƙofar gabas, na san sun fita.

Samarin nan uku su suka cece ni. Baba ya sa suka ciro ƙyauren zauren liman, suka hau da shi ta matakala, suka turo mini shi a kwance daga inda rufin ke da ƙarfi. Na kama bakinsa da hannu biyu, suka ja a hankali, ƙafata ta fito. Yadda na sauko ban sani ba. Na dai tsinci kaina zaune a gindin darbejiya, ana ɗaure mini cinya da tsumma. Baba ya zo ya tsuguna, ya shafa kaina, ya shafa fuskata, ya bi hannuwana har yatsu, kamar yana ƙirga ko akwai abin da ya ɓace.

Ya ce, "Na ce maka kada ka juya."

Na ce, "Na ga hadari ne, Baba."

Ya ce, "To."

Ruwan ya sauko kafin la'asar. Muka fake a zauren liman, wanda ke kallon masallacin, mun cika shi maƙil. Indararon da na buɗe yana ta zuba. Muna nan tsaye sai muka ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba kamar yadda na zata, kamar dai an sauke babban buhu daga kan amalanke. Jar ƙura ta fito ta ƙofa da tagogi, ruwa ya danne ta. Zankon wannan kusurwar ya karkata, ya tsaya kamar yana shawara, sannan shi ma ya bi rufin ya faɗi.

Ladan ya fashe da kuka, yana rungume da gafakar. Baba ya tambaye ni, "Nawa suka tafi?"

Na leƙa ta cikin ruwan na ce, "Gida ɗaya. Na kusurwa."

"Ginshiƙin fa?"

"Yana tsaye."

Ya sauke numfashi ya jingina da bango.

Washegari a filin makarantar firamare aka yi Juma'a, kowa na satar kallon sama. Ni a zaune na yi ta saboda ƙafar. Da aka watse na raka Baba wurin da ya rushe. Ya sa na ɗauko masa guntun azara, ya matsa ta da yatsa, ta ruguje kamar ƙuli-ƙuli. Na ɗauko wani tubali da ya fito daga tsakiyar katanga bai fashe ba. A jikinsa akwai shaidar yatsu huɗu da babban yatsa, sun nutse sosai, na wanda ya mulmula shi tun kafin a haifi kakana. Na ba Baba. Ya daɗe yana juya shi a hannu, ya sa nasa yatsun a cikin ramukan, sannan ya ce in ajiye shi gefe, za a mayar da shi cikin ginin.

Sauran daminar an rufe wurin da tamfol, an tokare bakan da ke kusa da itatuwa. Maganganu sun yi yawa a gari. Wasu suka ce a rushe duka a yi na bulo da kwano, a huta da fargaba. Ban ga laifinsu ba, domin ni kaina da aka tambaye ni a lokacin, da abin da zan ce ke nan. A ƙarshe wani ɗan garin da ke kasuwanci a Kano ya gina sabon masallaci a bakin hanya, Juma'a ta koma can. Tsohon kuma dattawa suka ce a gyara shi don salloli biyar.

Da rani aka yi aikin. Daga kasuwar Babura aka kawo azara, maƙwabtanmu Fulani suka yi ta jigilar ƙasa da amalanken shanu. Baba na zaune a kan tabarma, kowace azara sai an kawo masa ya ƙwanƙwasa ya shinshina, wadda bai yarda da ita ba a mayar. Ni duk ƙarshen mako ina gida. Na koyi kwaɓa ƙasa da ciyawa, na koyi mulmula tubali, ko da yake nawa kullum a karkace suke fitowa. Ɗaurin bakan kuwa wani tsohon magini aka ɗauko daga wajen Gwiwa, shi da Baba suna musu daga safe har yamma, ni ina miƙa igiya daga ƙasa. Sama dai ban sake hawa ba.

Baba ya ga damina biyu bayan haka, sannan Allah ya karɓi abinsa. A cikin tsohon masallacin aka yi zaman makoki na kwana uku, saboda zafi.

Yanzu duk abin da ya samu ginin ni ake kira, don kawai ni ne ɗan gidan. Bara liman ya kira ni ya ce ɗaya daga ginshiƙan yamma yana fitar da gishiri daga gindi, yana tambaya ko akwai haɗari. Na je na duba, na shafa, na ƙwanƙwasa, ban fahimci abin da sautin ke faɗa ba. Na gaya masa gaskiya cewa ban sani ba. Muka aika Gwiwa a kira tsohon maginin nan, aka ce mana ya kwanta ciwo, ba ya iya hawa babur. Ya dai aiko da saƙo cewa a tone gindin a zuba sabuwar ƙasa kafin ruwa ya sauka, kada kuma a bari kowa ya shafa masa siminti. Haka muka yi.